Babi na Bakwai: Amarya da Uwargida a Gidan Bairos

A ƙarshen ƙarni na 19, masu kula da dazuzzuka a Jamus sun sha ganin wani abin al'ajabi a shekarun da tsutsa ta yi wa itatuwansu ambaliya. Sai a ga tsutsar da ta kamu da ciwo ta yi ta hawa har ƙololuwar bishiya, ta maƙale da ƙafafunta na baya, ta rataye kai ƙasa, ta mutu a haka. Bayan ɗan lokaci fatarta ta fashe, abin da ke cikinta ya tsiyayo kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya ɗiga a kan ganyen da 'yan'uwanta ke ci. Suka raɗa masa suna ciwon ƙololuwar bishiya. Masu kiwon tsutsar siliki a Italiya da Faransa su ma sun daɗe da sanin makamancinsa, ciwon da ke sa tsutsa ta kumbura, ta yi rawaya, ta narke.

Sai a 1947 Gernot Bergold ya leƙa da madubin lantarki ya ga mai laifin: wasu ƙananan sanduna ne, tsawon kowace bai kai kashi ɗaya cikin dubu uku na milimita ba. Daga kalmar Latin mai nufin sanda aka samo sunan dangin, bakulobairos. Ƙwari kaɗai suke kamawa, mafi yawa tsutsotsin da ke rikiɗa su zama malam-buɗe-littafi da 'yan'uwansa masu tashi da dare.

Tsakanin cin gurɓataccen ganye da narkewa a ƙololuwa akwai kwanaki, wani lokaci huɗu, wani lokaci fiye da mako. Abin da ya dame mu a wannan babi bai kai haka tsawo ba. Ɗan lokaci ne ƙanƙane da bairos ke tsaye a bakin sel, wato ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita, yana neman shiga. In bai shiga ba, duk sauran labarin bai taso ba, domin bairos a waje ba ya ci, ba ya girma, ba ya haihuwa.

Kowane sel yana lulluɓe da tantani na kitse, siriri ƙwarai. Shi ma bairos irin wannan yana sanye da riga ta kitse, wadda ya samo daga sel ɗin da aka haife shi a ciki. Wanda ya taɓa kallon ɗigon mai a kan miya zai ɗauka haɗuwarsu ba wuya, tunda ɗigo biyu suna taɓa juna suke zama ɗaya. A cikin jiki ba haka abin yake ba. Fuskar kowane tantani tana riƙe da ruwa gam, kuma in tantani biyu suka matso kusa sai su riƙa ture juna. Da a ce kitse yana haɗewa da kitse yadda ya ga dama, da hanta da huhu sun daɗe da zama dunƙule guda. Sai an sami wani abu da zai kama ɓangarorin biyu, ya jawo su da ƙarfin tsiya, ya matse ruwan da ke tsakani, har kitsen wannan ya cakuɗa da na wancan, ƙofa ta buɗe. Wannan abu furotin ne da ke tsaye a jikin rigar bairos kamar ƙaya. Shi ake kira furotin mai haɗe tantani. Mura tana da nata, ƙyanda tana da nata, haka zazzaɓin Lassa da ciwon haukan kare.

Bakulobairos ya bambanta da waɗannan ta wata fuska: jiki biyu gare shi, kundin gado ɗaya. Jiki na farko shi ne na zaman waje. Sandunan suna binne cikin wata 'yar tsakuwa ta furotin mai kusurwoyi, wadda ke kare su a kan ganye da cikin ƙasa, inda za su iya yin shekaru in rana ba ta same su ba. Mu kira wannan ɗan tsakuwa. Hanjin tsutsa ba irin cikinmu ba ne mai tsami. Nasa ya fi kama da ruwan kanwa ko ruwan toka, ma'auninsa na pH yana kaiwa 10 har ya ɗara. Tsakuwar tana faɗawa ciki take narkewa, sandunan su fito su manne wa ƙwayoyin sel na bangon hanji. Wannan shiga ta farko aikin wata ƙungiyar furotin ce ta daban, kusan goma, waɗanda ke aiki a dunƙule. P74 ne aka fara ganowa a cikinsu.

Amma kama hanji bai isa kisa ba. Tsutsa tana da dabara: sel ɗin hanji da ya kamu, sai ta kaɓe shi ya bi kashi, ta maye gurbinsa da sabo. Dole bairos ya tsere daga hanji kafin a share shi. A nan jiki na biyu ke shigowa. Sabbin sanduna suna zuwa gindin sel ɗin, ta ɓangaren da ke kallon cikin jiki, su turo tantaninsa waje kamar tohon reshe, su tsinke da shi a matsayin riga. Wannan shi ne ɗan toho. Shi ke bin bututun numfashi da suka ratsa jikin ƙwaro ko'ina, ya shiga jininsa, ya kai ga kitse da fata. Tun a shekarun 1970 Loy Volkman da Max Summers suka lura cewa jikin biyu ba sa iya aikin juna da kyau: in aka zuba su a kan ƙwayoyin sel da ake kiwo a kwalba, ɗan toho ya fi ɗan tsakuwa iya kamawa sau fiye da dubu, amma ta baki ɗan tsakuwa ne gwani.

Bairos ɗin da aka fi sani a dangin, wanda ya zama musu kamar ɓeran gwaji, shi ne AcMNPV, da aka samo daga wata tsutsa mai cin ciyawar alfalfa a Kalifoniya. A ƙarshen sandar ɗan tohonsa akwai wasu ƙayoyi a cure. Furotin guda ne, aka sa masa suna GP64 saboda nauyinsa. Sarƙa ce mai ƙulli 512, kuma ba ta tsayawa ita kaɗai, sai uku-uku a murɗe da juna kamar igiya.

An bi matakai kafin a tabbatar da aikinsa, kuma yadda aka bi su yana da daɗin ji. Da farko Volkman, wadda ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ta nuna a 1985 cewa ɗan toho ba ya fasa ƙofa daga waje. Sel ne da kansa yake haɗiye shi, ya ƙunshe shi cikin wata 'yar jaka ta tantani, kamar yadda yake yi wa abinci. Daga nan sel ya fara zuba tsami cikin jakar don ya narkar da abin da ya haɗiya. Da aka sa magungunan da ke hana jakar yin tsami, sai bairos ya maƙale a ciki, cuta ba ta kama ba. Ashe tsamin da aka tanada don hallaka shi, shi ne alamar da yake jira. Uwar gida ta san yadda kanwa ke kashe tsamin tsamiya a tukunya; wannan bairos kuwa ya raba su aiki, kanwa ta buɗe masa ƙofar farko, tsami ya buɗe ta biyu.

A 1992 Gary Blissard da John Wenz, a Cibiyar Boyce Thompson da ke harabar Jami'ar Kwanel a jihar Niyok, suka yi gwaji mai sauƙi. Suka sa ƙwayoyin sel na ƙwaro su riƙa ƙera GP64 su kaɗai, babu bairos ko ɗaya a wurin. Ƙwayoyin suna zaune lafiya, kowa da iyakarsa. Da aka ɗan zuba musu ruwa mai tsami, ma'auninsa ya sauko wajen 5, sai maƙwabta suka fara narkewa cikin juna, suka zama manyan dunƙulallun sel masu cibiyoyi da yawa. Wato GP64 ba ya buƙatar mataimaki, shi kaɗai ya isa. Bayan shekara huɗu, a 1996, ɗakin binciken Blissard ya juya gwajin: aka cire ƙwayar gadon GP64 daga bairos ɗin. Bairos ya kama sel na farko, ya hayayyafa a ciki, amma ya kasa ƙetarawa zuwa na kusa da shi. Da aka ciyar da tsutsa da shi, cutar ta tsaya a bangon hanji, ba ta kai jini ba. Daga baya aka ga cewa ko tohon ma ba ya fitowa sosai in babu GP64. Furotin ɗaya, aiki uku: shi ke kama sel, shi ke haɗe tantani, shi kuma ke taimakon fita.

Yadda yake jawo tantanin kuwa, an fahimce shi sosai bayan da aka fitar da surarsa dalla-dalla a 2008. A zaman lafiya a naɗe yake. Tsami yana taɓa shi sai ya miƙe, ƙarshensa mai wasu 'yan lanƙwasa biyu masu son kitse ya cake tantanin jakar. Yanzu ƙafarsa tana cikin rigar bairos, kansa yana cikin tantanin sel. Sai ya sake naɗewa gida biyu, kai ya zo ya sadu da ƙafa, kamar mutum ya sunkuya ya taɓa yatsunsa, kuma a wannan sunkuyon ne yake jawo tantanin biyu su gwabza. Fatar waje ta kowanne ce ke fara haɗewa, sannan ta ciki, sai rami ya buɗe. Ƙaya ɗaya ba ta iya wannan aiki, sai da yawa sun yi da'ira sun ja tare. Sandar tana zamewa ta ramin ta faɗa cikin sel, ta ari zaruruwan da sel ke motsi da su, ta tura kanta da su har cibiya inda za ta zube kundin gadonta.

Akwai wani ƙaramin abu game da GP64 da nake ganin ya fi duk sauran nuna wayon halitta. Yawancin furotin da ake gina jikin bairos da su a makare ake ƙera su, bayan an gama kwafar kundin gado. GP64 kuwa ana fara ƙera shi tun da wuri, cikin sa'o'in farko, sannan a ci gaba daga baya. Me ya sa ake ɗinka riga tun ba a haifi mai sa ta ba? Amsar tana hanji. A wannan bairos, sanduna da yawa ne ke shiga sel ɗin hanji a ɗaure guda. Wasu su tafi cibiya su ba da umarnin ƙera GP64, wasu kuma su wuce kai tsaye zuwa gindin sel, su tarar an riga an shimfiɗa musu ƙayoyi, su yi toho su fice ba tare da sun jira an hayayyafa ba. Gwaje-gwajen ɗakin Volkman sun nuna cewa in aka hana wannan ƙira ta wuri, bairos yana jinkirin kutsawa cikin jiki, tsutsa kuma ta fi samun damar kaɓe shi. Tsere ne tsakanin mai shara da mai gudu, kuma sa'o'i kaɗan ne ke raba su.

Har kusan ƙarshen shekarun 1990 ana ɗauka cewa duk bakulobairos da GP64 yake shiga. Da aka fara karanta kundin gadon wasu daga farko har ƙarshe, sai aka yi turus. Bairos ɗin da ke kama tsutsar Lymantria dispar, mai cinye dazuzzuka a Turai da Amurka, ba shi da GP64 ko alama, amma yana kisa yadda ya kamata. Haka wanda ke kama Spodoptera exigua, tsutsar da ke ɓarnar albasa da kayan lambu. A shekarar 2000 ƙungiyoyi biyu suka gano amsar kusan lokaci ɗaya: ta George Rohrmann a Jami'ar Jihar Oregon, da ta Just Vlak a Wageningen ta ƙasar Holan. Waɗannan bairos suna da wani furotin dabam, wanda ba ya kama da GP64 ta kowace fuska. Aka kira shi F.

Shi ma F tsami ne ke tayar da shi, amma ginin jikinsa na dangin mura da ƙyanda ne. Ana ƙera shi a kulle, ba ya iya komai, sai wani almakashi na cikin sel mai suna furin ya yanka shi gida biyu, sannan tsinin da zai caki tantani ya sami sarari. Mutanen Wageningen sun nuna cewa in aka ɓata wurin yankan, F ya zama kwaɗo ba mabuɗi. Wannan almakashi ba baƙo ba ne ga masu kiwon kaji. Abin da ya bambanta murar tsuntsaye mai sauƙi da mai share akurki, irin H5N1 da ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon 2006, shi ne cewa furotin ɗin mai tsanani yana da wurin da furin ke iya yankawa, furin kuwa yana ko'ina a jikin kaza, don haka cutar ba ta tsaya a huhu da hanji ba. Wani bambanci kuma tsakanin F da GP64: F irin tarko ne da ke faɗuwa sau ɗaya, in ya tashi ya tashi ke nan, alhali GP64 yana iya komawa yadda yake in tsami ya janye.

Da aka jera dangin gaba ɗaya, sai hoton ya juye. F ne ke kusan ko'ina: a babban rukunin da ake kira rukuni na biyu, a 'yan'uwansu masu ƙananan tsakuwoyi kamar wanda ake fesa wa tsutsar tuffa, har da wanda ke kama 'ya'yan sauro. GP64 kuwa, wanda aka ɗauka shi ne ka'ida, reshe ɗaya ne kawai ke da shi, rukuni na ɗaya. Mun fara saninsa ne kurum don AcMNPV ya faɗo a wannan reshe. Kuma GP64 na wannan bairos da na wancan sun yi kama da juna ƙwarai, sun fi kusanci nesa ba kusa ba bisa yadda F ke kama da F. Abin da ya daɗe a gida yana samun lokacin canzawa. Abin da bai canza ba, bai daɗe da zuwa ba. F ne ɗan gari. GP64 baƙo ne.

To daga ina? A 1992 masu bincike a Okusfod ta Ingila, cikinsu har da Patricia Nuttall, suna karanta furotin na rigar wani bairos da ba ruwansa da tsutsa. Sunansa Thogoto, daga wani daji kusa da Nairobi a Kenya inda aka fara samunsa a jikin kaskar shanu a 1960. Ɗan dangin mura ne, kundin gadonsa ma ba DNA ba ne, RNA ne. Amma furotin ɗin rigarsa bai yi kama da na mura ba ko kaɗan. Da GP64 ya yi kama. Wannan dangi na Thogoto yana nan kusa da mu: akwai wani ɗan'uwansa da aka samu a jinin saniya a Jos a 1967, sunan garin yake amsawa har yau. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne, a wani zamani mai nisa, kakan rukuni na ɗaya ya haɗu da wani bairos mai irin wannan furotin a cikin sel guda na wani ƙwaro, ya kwafi ƙwayar gadon, ya cusa a kundinsa. Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan kam ya rufe, har ya zama shi ne kayan fita.

Uwargida fa, wato F da amarya GP64 ta tarar a gidan? Ba a sake ta ba. A kundin AcMNPV, wanda aka gama karantawa a 1994 aka tarar da harufa wajen dubu 134, akwai wata ƙwayar gado ta 23 a jeri, Ac23. Ita ce tsohuwar F. Wurin yankan furin ya shafe a jikinta, ba ta iya haɗe tantani kuma, amma har yanzu ana ƙera ta, har yanzu tana cikin rigar ɗan toho. A 2003 Oliver Lung da abokan aikinsa a ɗakin Blissard suka cire ta don su ga abin da zai faru. Bairos ya ci gaba da rayuwa, yana yaɗuwa a kwalba, yana kashe tsutsa. Sai dai kisan ya ƙara ɗaukar kusan yini guda. Yini guda a rayuwar tsutsa ba wasa ba ne, musamman a matakinta na ƙarshe da take cin mafi yawan ganyen da za ta ci. Amarya ta karɓe girki, amma uwargida tana riƙe da wani mabuɗi, shi ya sa duk 'yan rukuni na ɗaya suka ci gaba da ajiye ta.

Sai aka fara musayar mata tsakanin gidaje, in ka yarda da wannan kwatanci. A 2002 aka ɗauki AcMNPV da aka cire wa GP64, gurgu da ba ya iya yaɗuwa, aka saka masa F na bairos ɗin Spodoptera exigua ko na Lymantria dispar. Ya miƙe, ya ci gaba da kama sel bayan sel, ko da yake bai kai ƙarfinsa na da ba. Da aka juya gwajin kuwa, aka cire F daga ɗan rukuni na biyu aka sa GP64 a gurbinsa, abin bai tafi daidai ba. A Wageningen bai farfaɗo da bairos ɗin Spodoptera exigua ba, a Cibiyar Nazarin Bairos ta Wuhan kuma, inda aka gwada da bairos ɗin tsutsar auduga, farfaɗowar rabi da rabi ce. Darasin da na ɗauka a nan shi ne F yana yin fiye da haɗe tantani. Yana da wasu ayyuka da GP64 bai iya ba, kuma su ne Ac23 ta riƙe. AcMNPV ya karɓi baƙon F cikin sauƙi don gidan ya san irinsa. Ɗan rukuni na biyu da aka raba da F kuwa ya rasa mai girki da mai mabuɗi a rana ɗaya. Da mutanen Wuhan suka bar F a wurinsa suka ƙara GP64 a kai, sai bairos ya ƙara ƙarfin kamawa. Wataƙila haka abin ya faro tun asali: an zauna da mata biyu, kafin ɗaya ta rinjaya.

Aron bai tsaya nan ba. A 2016 aka ba da rahoton wani bairos mai ƙananan tsakuwoyi a Burazil, mai kama tsutsar rake, wanda ya kamata a ce F kaɗai gare shi, sai ga GP64 a kundinsa. Shi kansa F an tarar da danginsa a wani bairos da ke ɓoye cikin kundin gadon ƙudan 'ya'yan itace, wanda ake jin daga bakulobairos ya are shi ya sami ikon fita daga sel. Akwai kuma reshen da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, mai kama tsutsotsin wasu ƙwari dangin zanzaro masu cin ganyen itatuwa. Su a hanji suke farawa, a hanji suke ƙarewa.

Kada mai karatu ya tafi da tunanin cewa wanda ya shiga gida ya mallake shi. GP64 mabuɗi ne mai buɗe ƙofofi da yawa fiye da kima. A 1995 da 1996 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jamus ɗaya a Amurka, suka nuna cewa AcMNPV yana shiga ƙwayoyin sel na hantar mutum a kwalba, har ya kai kundin gadonsa cibiya. Amma a nan tafiyar take ƙarewa. Injin sel ɗin mutum ba ya karanta umarninsa yadda zai hayayyafa, don haka ko ɗa guda ba ya samu. Masana suka mai da wannan abin amfani: a sa masa saƙon da ake so, ya kai cikin sel ɗin dabba, ya sauke, ya mutu a can. Ko tsakanin ƙwari ma haka ne. AcMNPV da bairos ɗin tsutsar siliki kusan tagwaye ne, kowanne da GP64, amma AcMNPV ba ya hayayyafa da kyau a ƙwayoyin sel na tsutsar siliki. A farkon shekarun 1990 aka gano cewa ɗan canji kaɗan a furotin mai warware igiyar DNA ya isa ya buɗe masa wannan hanya. Mai haɗe tantani yana yanke hukuncin inda bairos zai shiga da saurin da zai bazu. Inda zai zauna kuwa, da sauran masu magana.

Manomi bai taɓa sayen ɗan toho ba. Abin da ke cikin kwalbar feshi tsakuwa ce, domin ita ke jure zaman waje. Amma abin da yake jira ya gani, wato tsutsa ta daina ci, aikin ɗan toho ne da ƙayoyinsa. Tsutsar masara Spodoptera frugiperda, wadda aka fara tabbatar da isowarta Afirka a Najeriya da maƙwabtanta a farkon 2016, tana da bairos nata, ɗan rukuni na biyu mai F, kuma shi ne a cikin maganin feshi mai suna Fawligen. Tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa, Maruca vitrata, ita kuma bairos ɗinta ɗan rukuni na ɗaya ne mai GP64. A Taiwan aka fara samunsa, cibiyar IITA da ke Kwatano ta kawo shi aka gwada a gonakin wake na Afirka ta Yamma, wani lokaci a haɗe da man darbejiya. Ƙorafin manoma a kan irin wannan magani a ko'ina ɗaya ne: ba ya kisa nan take kamar guba. Gaskiyarsu ne. Sai tsakuwa ta narke, sai an tsere daga hanji, sai ɗan toho ya yi zagaye bayan zagaye, kowane zagaye da shigarsa da fitarsa. Shi ya sa ake cewa a fesa tun tsutsa tana ƙarama, da yamma in rana ta yi sanyi.

Ana ta sha'awar a ɗauki mabuɗin wannan a ba wancan don a sami mai saurin kisa. A kwalba abin yana yiwuwa, mun gani. Ni dai ina ganin a yi a hankali, domin babbar darajar waɗannan bairos ita ce ƙuncin zaɓinsu: suna kashe tsutsar da aka nufa su bar zuma da gizo-gizo da zanzaron da ke farautar tsutsa. Kuma nasara mafi girma da aka samu da su ba ta buƙaci gyaran komai ba. A Burazil, shirin da Flávio Moscardi na hukumar Embrapa ya jagoranta ya kai ga fesa bairos ɗin tsutsar waken soya, shi ma mai GP64, a kan kimanin hekta miliyan 2 a farkon shekarun 2000. A shekarun farko na shirin, manoma da kansu suke bin gona suna tsintar matattun tsutsotsin da suka rataye a ganye, su ajiye a firiza, damina ta gaba su dama da ruwa, su tace, su zuba a tankin feshi.